Kafin Ka Sa Hannu: Yadda Ƙaramin Asibitin Kuɗi Zai Yi Aiki da Gwamnati

Adda ce ungozoma, ni akawu ne. Shekara 35 ta yi tana karɓar haihuwa a asibitocin gwamnati, tun muna ƙarƙashin Bauchi, kafin a yanke mana Jihar Gombe a 1996. Da ta yi ritaya sai ta zuba kuɗin sallamarta a wani gida mai ɗaki shida a gefen gari, aka sa gado takwas, aka ɗauki nas biyu da mai gwajin jini, aka daidaita da wani likita da zai riƙa duba mana marasa lafiya. Ni kuma ta ce in zo in riƙe mata littafi, tunda na taɓa zama a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma. Ban iya allura ba, ban iya awo ba. Abin da ya shigo da abin da ya fita na sani, kuma a kansa zan yi magana.

Masu ƙananan asibitoci irin namu, daga Kumo, daga Bajoga, har daga Billiri, sukan tare ni da tambaya iri ɗaya: ya aka yi kuke riga-kafi kyauta, ya aka yi masu katin inshora ke zuwa wurinku, wa kuka sani a sama? Ba mu san kowa ba. Hanyar a buɗe take, sai dai da ramuka, kuma mun faɗa mafi yawansu.

Duk taron bitar da aka kira mu kan haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa a harkar lafiya, mai jawabin farko sai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka ne, sai dai ba ya faɗin wa zai tallabi gefen da ya fi nauyi. Haɗin gwiwar iri-iri ne. Akwai na manya, kamar yadda hukumar birnin tarayya ta miƙa gudanar da Asibitin Garki na Abuja ga Nisa Premier a 2007, kuma tun 2005 akwai dokar da ta kafa hukumar ICRC don sa ido kan irin wannan ciniki a matakin tarayya. Wani lokaci kamfani ne zai kafa ɗakin gwaji ko na'urar hoto a cikin asibitin gwamnati, a riƙa raba abin da aka samu. Wannan harkar masu lauyoyi ce. Mu ƙofofinmu uku ne: riga-kafi, tarin fuka, sai inshora. Ka shige su a jere yadda na lissafa. Kada kwaɗayi ya kai ka ta ukun tun farko don ita ce mai kuɗi.

Kafin kowace ƙofa, takardu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi wa asibitin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun banki da sunansa, don babu hukumar da za ta tura kuɗi asusun maiɗakinka. Ka karɓi izinin buɗe asibiti daga Ma'aikatar Lafiya ta jiha, ka riƙa sabunta shi kan kari. Sai lasisin kowane ma'aikaci daga majalisar sana'arsa: likita daga MDCN, nas da ungozoma daga tasu, mai gwaji daga tasa, in kana da famasi kuma ga PCN. Ka yi fotokwafi bibbiyu, ka zuba a fayil ɗaya da ba ya barin ofis.

Ranar da masu dubawa suka fara zuwa mana, mun share ko'ina, Adda har turaren wuta ta sa. Ko kallon sabon fentinmu ba su yi ba. Wata mata a cikinsu ta wuce kai tsaye banɗaki ta murɗa famfo, ta leƙa ramin da muke zuba mabiyiya, ta tambayi inda muke ƙona allurar da aka gama aiki da ita, ta ce a kunna mata tukunyar dafa kayan aiki ta gani da idonta. Duk muka tsallake. Abin da ya kayar da mu lasisin nas ɗaya ne da ya ƙare wata biyu baya, ba wanda ya lura. Sai da muka yi wata uku kafin su sake zagayowa. Tun ranar na rubuta lokacin ƙarewar kowace takarda a kwali, na manna a bango saitin kujerata.

To, riga-kafi. Ka je sashen kiwon lafiya matakin farko na ƙaramar hukumarka, ka nemi jami'in riga-kafi, ka ce kana son a riƙa yi wa yara allura a asibitinka. Zai zo ya duba wurin, a koya wa ma'aikacinka aikin, a ba ka rajista da katunan yara. Maganin na gwamnati ne, kyauta aka ba ka, kyauta za ka yi. Naka shi ne wuri da ma'aikaci da rana.

Da Adda ta kawo maganar, takarda na ja na lissafa mata: kuɗin mashin ɗauko magani da mayarwa, nas guda ta wuni ba ta taɓa aikin kuɗi ba, ga benci, ga ruwan sha. Na ce, "Adda, wannan fa ko sisi babu a ciki." Ta ce, "Kai dai rubuta abin da aka ce ka rubuta. Matar da ta kawo jaririnta allura, in ta sake samun ciki, ina kake jin za ta je awo?" Ta yi gaskiya, ko da yake ribar da ni na gani daga baya wata ce daban.

In ba ka da firjin da aka amince da shi, kada ka ce za ka ajiye magani a firjin lemo. Da sassafe a je ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma da akwatin ɗaukar magani, a ɗauko na ranar, a mayar da ragowa kafin yamma. Sanyin da maganin ke so tsakanin digiri 2 ne zuwa 8. Zafi na lalata shi, ƙanƙara ma na lalata wasu, irin Penta, allurar riga-kafin cututtuka biyar da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14. Shi ya sa ba a ciro robar ƙanƙara daga firiza a jefa ta akwati nan take. A bar ta a waje ta fara zufa, har sai ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki. A jikin kwalbar akwai 'yar da'ira da murabba'i a tsakiyarta. In murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, kwalbar ta tashi aiki. Ta BCG, riga-kafin tarin fuka, yara 20 take yi, kuma da zarar an haɗa ta, awa shida ne iyakarta, haka ta ƙyanda. Saboda haka ka tsayar da rana ɗaya a sati, a sanar a masallaci da gidajen suna. Mu Talata muka ɗauka, ba mu taɓa ɗagawa ba sai in Sallah ta faɗo a kai. Jaririn da aka haifa Laraba kuwa ba a ce ya jira Talata ba, a tura shi asibitin gwamnati mafi kusa ya karɓi alluran haihuwa.

Sai rubutu. Kowane yaro yana shiga rajista, kowace allura da zanenta a takardar ƙirga, ƙarshen wata a tattara a fom ɗaya a kai wa jami'in bayanai, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2 ta ƙasa. Dole lissafi ya haɗu: kwalaben da ka karɓa, yaran da ka yi wa, abin da ka mayar, abin da ya lalace. Watanmu na farko sau uku ana dawo mana da fom. A nan ma'aikatanmu suka koyi rubuta abu a lokacin da aka yi shi, suka daina bari sai dare su zauna suna tunowa. Dalilin da ya sa na ce ka fara da ƙofar da babu kuɗi ke nan. A riga-kafi in ka yi kuskure fom ake dawo maka da shi, a inshora kuɗinka ake yankewa.

Ƙofa ta biyu tarin fuka. Shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa ya daɗe da gane cewa mai tari kemis yake fara zuwa, ya sha kwalba uku ta maganin tari, sannan ya gangaro wurin irinmu. Don haka suna neman asibitocin kuɗi, har da masu kemis, su shigo cikin aikin. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in tarin fuka, shi za ka nema. Duk wanda ya yi sati biyu yana tari, a karɓi kakinsa a robar da suka bayar, a aika inda ake da na'urar GeneXpert. Gwaji kyauta, magani kyauta, wata shida ana sha. Wahalar tana wata na biyu: mutum ya ji ƙarfi, tari ya lafa, ya fara cin tuwo, sai a neme shi a rasa. Wani ya koma gona, wani ya bi motar shanu kudu. In ya yanke magani, ciwon na iya dawowa da nau'in da ba ya jin maganin farko. Ranar farko ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wani babba a gidansu, ka rubuta kwatancen gida irin namu: bayan masallacin Juma'a, ƙofa mai shuɗin fenti, kusa da mai markaɗe. Kowa a rubuta sunansa a kwalin maganinsa, kuma ba a aro daga kwalin wani a cike na wani. Kuɗin kati da na ganin likita kuma ku yi maganarsa da jami'in tun farko, a rubuta. Mu yafewa muka yi, domin mai tarin fuka yawanci ya gama kashe abin hannunsa kafin ya iso.

Tunda ka fara riƙe kayan gwamnati, wata rana wani zai tsaya da mashin a ƙofarka da kwali, maganin zazzaɓin cizon sauro ko kayan gwaji, rabin kuɗin kasuwa, an kankare inda aka rubuta ba na sayarwa ba ne. Ka ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa. Kwali ɗaya irin wannan in aka gani a kantarka, babu mai yarda ba daga kayan amana ka ɗiba ba.

Yanzu ƙofar da kowa ke leƙe. Dokar 1999 ce ta kafa NHIS, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta fara aiki sosai a 2005 da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, sunan ya koma NHIA, inshorar lafiya ta zama wajibi kan kowa, a doka dai. Jihohi ma da nasu hukumomin: mu nan GoHealth, da aka kafa a mulkin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, maƙwabtanmu na Bauchi kuma BASHCMA. Akwai kuma asusun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wanda daga cikinsa ake biya wa marasa galihu. Shi ya fi bi ta ƙananan asibitocin gwamnati na mazaɓu, waɗanda a Gombe 114 ne. Kowace hukuma da fom ɗinta da sharuɗɗanta na tantancewa. Ka taka da ƙafarka ka karɓo, kada ka biya wani ɗan kamasho da zai ce zai shigar da kai.

Mu da na tarayya muka fara, saboda garin Gombe cike yake da ma'aikatan tarayya: na Asibitin Koyarwa, na FCE, da na Jami'ar Kashere masu kwana a gari. A tsarin akwai kamfanonin da ake kira HMO tsakaninka da hukuma. Biyan kuma iri biyu ne, wanda bai rarrabe su ba zai sha mamaki.

Na farko ma'aikata na ce masa kafiteshan, ni kuɗin kai nake kiransa. Duk wanda ya zaɓi asibitinka, ana ba ka wani ƙayyadadden kuɗi a kansa kowane wata, ya zo ko bai zo ba. A ciki za ka duba shi, ka yi masa ƙananan gwaje-gwaje, ka ba shi magani, ko sau nawa ya zo. Shekaru da yawa naira 750 ne kan kowane kai, sai a 2024 da 2025 aka yi ƙari. Bari in buga misali da tsohon kuɗin don lissafi ya yi sauƙi, kai kuma ka sa naka alƙaluman. A ce mutum 400 suka zaɓe ka, naira 300,000 ke nan a wata. A ce kowane zuwa yana cin maka naira 2,500, gwaji da magani da komai. A Fabrairu mutum 80 suka zo, ka kashe 200,000, ka ga rarar 100,000, ka fara tunanin sabon janareta. Agusta ta shigo, sauro ya tashi, mutum 160 suka zo, ka kashe 400,000. Ashe rarar Fabrairu ba riba ba ce, kuɗin Agusta ne aka ba ka ajiya. Shekararmu ta farko ban san haka ba, na bari aka sa tayil da ita. Da damina ta yi tsakiya sai da Adda ta sayar da tunkiya biyu muka sallami mai kawo magani. Yanzu daga Disamba zuwa Mayu nakan ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kai a wani asusu daban, kuma ko Adda ba ta da katin cirewa.

Yawan kai shi ne rufin asiri. Mutum 50 a tsohon kuɗin naira 37,500 ne, gida ɗaya mai ciwon suga da hawan jini zai lashe ta kafin 15 ga wata. Kuma ka sani, masu fara zaɓar ka su ne masu yawan zuwa asibiti. Lafiyayyen saurayi bai damu da inda sunansa yake ba. Kafin ka nemi tantancewa, ka zagaya unguwa ka ƙiyasta mutum nawa ke da kati, nawa za su dawo wurinka. In ba ka hango ɗaruruwa ba, ka dakata tukuna, ka ci gaba da riga-kafinka.

Na biyu kuɗin aiki ne. Abin da ya wuce matakin farko, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita, bayan an yi ake biya, bisa farashin da hukuma ta tsara, kuma sai in an tantance ka a wannan matakin. Kafin a yi aikin, ko kafin ka tura mutum gaba, ka nemi lambar izini daga HMO. Ka rubuta ta a fayil, da rana, da ƙarfe nawa, da sunan wanda ya ba ka. In gaggawa ce, mace na zubar da jini ƙarfe biyun dare, ba a tsayawa jiran lamba. A yi abin da za a iya, a wuce da ita Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa da cikakkiyar takardar turawa, ka aika saƙon tes a daren ya zame maka shaida, da safe ka bi lambar.

Takardar yarjejeniya da Turanci za a kawo maka, shafi rututu, a nuna maka inda za ka sa hannu. Ka ce za ka kwana da ita. Ni da jan biro nake karantawa, abin da nake nema kuma shi ne ranar biya a rubuce da lamba, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Wane jerin farashi za a bi, yaushe ake sake duba shi. Kwana nawa gare ka ka kai takardun neman biya kafin a ce sun makara. Sanarwar wata nawa za ka bayar in za ka fita. Sannan wa zai raba ku in kun saɓa. Maganar farashin nan ita ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Daga tsakiyar 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, dizal ma haka, amma farashin da ke takarda ya daɗe inda aka bar shi. Wata da watanni muna ba da maganin da muka saya sama da abin da za a biya mu. In akwai lauya a dangi, ka kai masa ya duba; goron da za ka ba shi bai kai asarar wata guda ba.

Wani kamfani, ba zan kama suna ba, ya taɓa riƙe mana kuɗi wata huɗu. In na kira a ce yana hanya, in na je ofis a ce oga ya yi tafiya. Can suka ce takardunmu na wata biyu ba su ma iso musu ba. A nan tarbiyyar riga-kafi ta yi mini rana. Duk takardar da zan kai, biyu nake kaiwa, a buga mini hatimi da kwanan wata a kan ɗaya in dawo da ita. Na zaƙulo su, na rubuta wasiƙa shafi ɗaya, ba zagi ba roƙo: ga watanni, ga adadi, ga hatiminku. Na kai musu, na kai kwafi ofishin hukumar da ke sa ido a kansu. Cikin sati uku aka biya na wata uku. Na huɗun an yanke kusan rabi, kuma da gaskiyarsu, don fayil bakwai babu sa hannun mara lafiya, biyu babu lambar izini. Wannan kam laifinmu ne, na haɗiye.

A cikin wata huɗun nan ne na kusa yin abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa Adda mu fara ce wa masu kati babu magani, su je su saya a waje, kamar yadda ake yi a wurare da dama. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Malamin makarantar nan da ke zaune a benci, shi ya riƙe maka kuɗin?" Na ce a'a. Ta ce, "To don me shi zai biya?" Ko ka ajiye maganar tsoron Allah gefe, lissafi ma yana bayanta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai kati bai san HMO ba, fuskarka ya sani. In ka ware masa layi daban, ko ka sallame shi da farasitamol ka ba mai kuɗi hannu magani mai kyau, gobe duk ofishinsu sun ji, kuma tsarin ya ba shi damar sauya asibiti. Kai ashirin na iya barin ka kan wulaƙancin da aka yi wa mutum ɗaya. A tsarin ma'aikatan tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani mai kati ke biya. Ka karɓi wannan, ka ba shi rasit, ka manna jerin abin da kati ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba a bango, da Hausa, don a rage gardama a taga.

Akwai matsala ɗaya da ba a kawowa a taron bita, ta gidajenmu ce. Katin ma'aikacin tarayya yana ɗaukar shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A Gombe kuwa mutum na da mata biyu da 'ya'ya tara, ga ɗan ƙanensa da yake riƙo. Wata rana da la'asar wata baiwar Allah ta shigo da yaro a kafaɗa, jikinsa kamar garwashi, ta miƙa kati. Sunan da ke jerinmu na yarinya ne 'yar shekara takwas, wanda ke kafaɗarta kuwa namiji ne, bai fi shekara uku ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ɗan abokiyar zamanta ne, uwar tana jego, maigidan yana Dukku. Nas ta kalle ni, ni na kalli Adda. Adda ta karɓi yaron ta yi ciki, tana tafiya tana cewa, "A sa a littafina." Tun daga nan muke da wani ɗan littafi mai baƙin bango da muke kira littafin Adda. Duk wanda aka duba don Allah, nan ake rubuta shi da sunansa na gaskiya, kuɗin kuma daga aljihunta. Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne a rubuta yaron da sunan yarinyar. Ha'inci ne da zai iya sa a soke ka, sannan fayil ɗin yarinyar zai ɗauki ciwo da maganin da ba nata ba, wata rana wani likita ya karanta ya yi aiki da shi. Da maigidan ya dawo na zaunar da shi, na nuna masa ana iya ƙara sauran iyali a biya musu daban. Ya ɗan yi ƙorafi, amma ya je ya yi.

Ranar 28 ga kowane wata, in an idar da la'asar, nakan tura ƙofar ofis in ce ba na nan. In ɗauko jerin sunayen da aka turo, in ninka yawansu da kuɗin kai, in gwada da abin da ya shiga banki. Sau biyu na kama an ƙara mana mutane a jeri ba a ƙara kuɗinsu ba. In bi fayil-fayil ina neman sa hannu da lambar izini, wanda babu in ajiye shi gefe a kira mai shi kafin wata ya mutu. Nas ta kawo rajistar riga-kafi mu haɗa ƙirga da kwalabe. A jera kwalayen masu tarin fuka, wanda ƙwayoyinsa suka fi yadda ya kamata su rage, an san bai zo ba, gobe yaron mashin ya bi kwatance. Yawanci sai an kira isha'i nake tashi. Littafin Adda ne kaɗai ba na dubawa, ta hana ni, ta ce in na ga jimillar hawan jinina zai tashi.